Lungun da ruwa ke kwana a cikinsa: me ya kamata a dasa a gida a Sakkwato?

Wata Hajiya daga Mabera ce ta aiko da tambaya. Ta ce akwai wani lungu a bayan ɗakin girkinta, tsakaninsa da katanga, wanda kusan ba ya bushewa. Da damina ruwa kan kwanta a wurin kwana biyu zuwa uku bayan kowane ruwa mai ƙarfi, da rani kuma nan ruwan famfo da na alwala da na wanke-wanke ke gangarawa. Ta dasa gwanda ta mutu, lemun tsami ya yi rawaya ya bushe, zogale ma bai kai labari ba. Tana neman ƙananan itatuwa da shuke-shuken da za su yi a wurin, na ci da na ado.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma ki kwantar da hankalinki, ba hannunki ne ba shi da albarka ba. Da za a jera itatuwan gida bisa ƙin kwanciyar ruwa, gwanda da zogale da lemun tsami ne za su zo a sahun gaba. Dalili kuwa shi ne saiwa ma tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙofofi da iska ke zama, daga nan take shaƙa. In ruwa ya cike ƙofofin, 'yar iskar da ta rage ba ta jimawa, balle a ƙasa mai ɗumi irin tamu, inda saiwa da ƙananan halittun cikin ƙasa ke rige-rigen shanye ta. Gwanda kwana ɗaya zuwa biyu a cikin ruwa sun ishe ta. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ganyen yakan yi yaushi ya sunkuya, sai a ɗauka ƙishi ne, a ƙara kwarara ruwa. Da kin tumɓuke gwandar nan a lokacin, da kin ga saiwar da ya kamata ta zama fara tas ta koma baƙi-baƙi, ta yi taushi, fatarta na saluɓewa a tsakanin yatsu, ƙasar gindin tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shi kuwa lemun tsami wata cuta ce ta jiƙaƙƙiyar ƙasa ke kama shi daidai inda gindi ya haɗu da ƙasa: ɓawo ya tsage, ƙaro ya riƙa tsattsafowa, ganye ya yi rawaya daga baya.

Ga kuma inda Sakkwato ta bambanta, kuma a nan nake so ki fi sa hankali. Yawancin shawarar da ake samu a intanet, ko daga mutanen kudu, an yi ta ne don ƙasar da laima ke shekara. Mu ruwanmu na shekara yana tsakanin milimita 600 zuwa 700 ne, kusan dukansa yana sauka daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ta kwashi kaso mafi tsoka. Daga nan sai iskar hunturu ta tsotse abin da ya rage, bazara ta shigo zafi ya haura digiri 40. Lungun da ya zama tafki a Agusta yana iya zama fako a Afrilu, ƙasa ta dare har yatsa ya shiga. Saboda haka duk abin da za ki dasa sai ya amsa tambaya biyu: zai jure ruwan Agusta, kuma zai jure ƙunar Afrilu? Ta biyun ce mutane suka fi mantawa. Sai a kawo shukar bakin rafi mai lallausan ganye, ta yi shar da damina, kafin ƙarshen Maris ta ƙone ƙurmus. Sa'arki ita ce lungun naki yana samun ruwan gida da rani. Wannan arziki ne babba a garin nan, in an san yadda za a tafiyar da shi.

Kafin a je ga dashe, a gano mafarin ruwan, don ruwa ba ya tsami banza. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi ki leƙa ki ga inda indararon rufinki ke zubarwa. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30 cikin dare ɗaya, zai sauke lita 3,000, wato duro 15. Babu shukar da za ta shanye wannan. In indararo ne ke malala cikin lungun, a karkatar da shi zuwa rariya ko a tara ruwan a tanki, rabin matsalar ta tafi. Ki duba rariyar ma, sau da yawa an ɗaga titi ko maƙwabci ya yi ciko, bakin rariya ya koma ƙasa da kwata, ruwa ya rasa mafita. In kuwa wurin yana jiƙe tsakiyar bazara alhali an daina zuba komai, to a kira mai gyaran famfo, bututu ne ya fashe a ƙasa ko sokawe ke tsiyaya. Ruwan sokawe ba a dasa abin ci a kansa. Masu gidaje a cikin fadamar Rima kuma, waɗanda ruwan gulbi ke taso musu irin na Satumbar 2010 da ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, nasu ya wuce maganar dashe.

Sai ki sa yara su haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya a tsakiyar wurin. Ki duba abin da diga ke fitowa da shi. A unguwanni da yawa sama yashi ne mai kyau, amma ƙasa kaɗan sai a tarar da laka mai danƙo, ko marmara, ko ɓaraguzan bulo da siminti da magina suka binne. Su ne ke tare ruwan. A cika ramin da ruwa, in ya tsotse a sake cikawa. In na biyun ya ƙafe cikin sa'o'i kaɗan, ƙasarki ba ta da laifi, yawan ruwan ne kawai. In ya kwana ya wuni yana nan, to sai an ɗaga gindin duk abin da za a dasa. Ki kuma lura da fuskar ƙasar da rani. In kina ganin wani farin gari yana fitowa a gefen da ya fara bushewa, har ya hau ƙasan katanga, gishiri ne da rana ta bari bayan ta ƙafar da ruwan. Shi ne ke ƙona bakin ganye, kuma galibi daga ruwan wanki yake zuwa.

Don haka ki raba ruwan gidan. Na alwala, na ɗaurayar kwanuka, na wanke shinkafa da ganye, da wanda ke ɗiga daga famfo, duk na shuka ne. Na wanki mai omo da bilic, da na farkon wanke tukwane mai maiƙo, a bi da su rariya. Omo na ɗauke da sinadarin gishiri da ke sa laka ta toshe, sai wurin ya ƙara riƙe ruwa, maiƙo kuma ya kawo wari da ƙuda. Wannan ɗan canjin ya fi kowane taki da za ki saya amfani.

Tsarin da na fi ba mutane shawara a irin wannan lungu shi ne rami da tudu. A haƙa rami mai faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, zurfin kamar rabin mita ko fiye kaɗan, in an samu marmara mara kauri a fasa ta. Ƙasar da aka fitar a cuɗa ta da ruɓaɓɓen takin awaki da ɗan yashi, a tula ta kewaye da bakin ramin ta yi tudun da ya kai tsayin santimita 30 zuwa 40. Ramin kuma a cika shi taf da busasshen ganye, karan dawa, ɓuntun shinkafa da ɓawon kayan miya, har ya yi tozo. A ja ruwan famfo da na alwala ya riƙa shiga ƙarƙashin wannan tarin. Ruwa yana nan amma ba ya fuskantar rana, ba ya fuskantar sauro. Shuke-shuke suna kan tudu, gindinsu a sarari, saiwarsu na miƙawa ta sha gwargwadon bukata. Tarin zai riƙa lotsawa yana zama taki, ke kuma ki riƙa ƙara masa shara mai ruɓewa. Leda da roba kada su shiga. Ramin ya yi nesa da katanga da aƙalla mita ɗaya da rabi, in ginin ƙasa ne ma fiye da haka.

A kan tudun nan ayaba ce sarauniya. Tana shan ruwa sosai, saiwarta ba ta da ƙarfin fasa gini, inuwarta kuma ita ce za ta rufa wa sauran asiri da bazara. Amma a lura, son ruwa daban, zama cikin ruwa daban: in gindinta ya nutse kwana biyu zuwa uku ita ma ruɓewa take yi, shi ya sa ake ɗora ta a tudu. In za ki karɓi ɗan ayaba, ki zaɓi mai kaurin gindi da siririn ganye mai tsini. Mai faffaɗan ganye tun yana ƙarami ya fi ɗaukar ido, amma ba shi da ƙwari, nononsa ba ya cika. Gindi uku ko huɗu sun isa rami ɗaya. Kowane kara sau ɗaya yake haihuwa, bayan kamar shekara ko fiye kaɗan a yanayinmu, daga nan a sare shi a daddatsa a jefa cikin ramin. A kowane gindi ki bar uwa da 'ya ɗaya da jika ɗaya, sauran a cire, in ba haka ba za ki samu daji ba ayaba. Da hunturu za ki ga girma ya tsaya, iska ta yayyaga ganye. Kada ki yanke ganyen da ya yage muddin yana kore, aikinsa yake yi. Katangar nan da ɗakin girki za su tare mata iskar gabas, wanda ayabar fili ba ta samu. Toka tana taimaka mata, amma ɗan barbaɗe jefi-jefi, kada a mai da gindinta juji.

A ƙasan tudun ta ciki, inda ya fi jiƙa, ki sa gwaza. Ita tana cikin 'yan tsirarun da ruwa zai kwanta a gindinsu ba su damu ba, don jikinta na da hanyoyin iska daga ganye har saiwa, irin na shinkafa. Rana ce abokiyar gabarta a nan, sai a ƙarƙashin ayaba. Manyan ganyenta kaɗai ado ne, bayan wata 7 zuwa 9 kuma ki haƙa ki dafa. A hana yara tauna ɗanyen ganye ko saiwa, yana sa ƙaiƙayi mai tsanani a baki da maƙogwaro. Rake ma yana yi, a kwantar da yanki mai gaɓa biyu ko uku a gefen da rana ke samu, sai dai yana jan gara da ɓera, kada ya jingina da bango.

Yanzu bari in zo ga wadda na fi ƙauna, wadda kuma ban cika ganin ta a gidaje ba: jema. Ciyawar fadama ce da kakanninmu ke yin zana da jinka da malfa da ita, saiwarta kuma tana da ƙamshi. Ban san wata shuka da ta amsa tambayoyin nan biyu kamar ta ba. A fadama ruwa yakan shanye ta makonni, ya janye ta miƙe. Rani ya zo ta bushe, wuta ma ta bi ta kanta, ruwan farko ta sake tofo. Sirrinta a saiwa yake: ba ta yaɗuwa gefe, ƙasa take nutsawa sak, mita biyu ko fiye, ta huda laka ta buɗe wa ruwa hanya. Ke nan tana gyara wurin ne, ba zama kawai take yi a ciki ba, kuma ba ta taɓa tushen gini. Ki nemi mutanen fadama, irin na wajen Kwalkwalawa ko Wamakko, su tono miki tushe ɗaya ko biyu. A rarraba tushen gida-gida, kowane da 'ya'ya biyu zuwa uku, a datse ganyen ya rage kamar santimita 20, a dasa a jere tazarar santimita 10 zuwa 15. Layi ɗaya a tsakanin ramin da katanga, wani a bakin inda ruwa ke shigowa lungun, ya rage masa gudu ya tace dattin. Makonni uku na farko tana son ban ruwa, bayan nan ta kama kanta. A riƙa aske ta daidai gwiwa, kafin ta fitar da kai ta zubar da iri. Askin yana sa ta yi kauri ta yi kyan gani, ganyen ya koma cikin rami, kuma ba a bar wa maciji da kunama maɓoya ba. Ko da Hajiya ba za ta yi komai cikin abin da na faɗa ba, ta dasa jema.

Cikin ƙananan itatuwa, uku nake ba da tabbaci a kansu. Shuwaka tana son ƙasa mai laima, kuma dashenta ba wuya, reshe mai kaurin yatsa za a yanka a soka a tudu. In an bar ta takan haura mita biyu ta yi sangal-sangal, gara a riƙa tsinke kanta ta yi rassa, ga ganyen miya a kusa. Gwaiba tana cikin itatuwan marmari na gida da suka fi jure kwanciyar ruwa na 'yan kwanaki, kuma fari ba ya kashe ta da wuri. Ita ce za ta maye miki gurbin lemun tsamin. A yi mata tudunta daban, mita uku daga bango, a riƙa datse ta kada ta wuce inda hannu ke kai, cikin shekara biyu zuwa uku ta fara 'ya'ya. Lalle kuma na bakin wurin ne, inda ƙasa ke jiƙa ta bushe. Zafi bai dame shi ba, yana jure ɗan gishiri fiye da ayaba, in aka jera shi yana yin shinge, ga ƙananan furanni farare masu ƙamshi da yamma, ga ganyen ƙunshi. Tsakiyar tafki dai ba wurinsa ba ne.

Ƙananan ganye na shayi da miya su cike tsakani. Na'a-na'a tana son laima da inuwa, amma tana mamaye wuri, a sa ta cikin tsohon baho mai huda a ajiye a gefen ramin. Haka kajiji, wanda mata suka sani a turaren wuta: asalinsa na fadama ne, zai ji daɗin wurin fiye da kima, shi ma rabin duro ya fi masa. Ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake dafawa a shayi ta hau kan tudu, tare da ɗoɗɗoya. Da damina ki watsa lalo a gefe, ba ya ƙin laima. Kudaku in aka bar shi ya yaɗu a bayan tudun yana rufe ƙasa ya hana ta zafi. Tumatir da tattasai da albasa kada ki wahalar da kanki a nan. Ganyen da za a ci ɗanye kuma kada ruwan wanke-wanke ya riƙa taɓa shi.

Maganar furanni gajeriya ce. Wanda masu sayar da dashe ke kira kana, mai faɗin ganye da fure ja ko ruwan ɗorawa, shi ne ya dace: yana jure laima, in ya ji rani ya kwanta, tushensa ya sake tofowa. Iksora, mai dunƙulen ƙananan furanni ja, tana da kyau a leda ranar da aka saye ta, amma ƙasa mai tsami take so, tamu kuwa a wurare da yawa akasin haka ce. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti yana shimfiɗe a ƙarƙashin wani ɓangare na yankin nan, ga ɓaraguzan siminti, ga sabulu. Sai ki ga sabon ganyenta ya yi rawaya, jijiyoyin kawai suka rage kore. Boganbiliya, mai hawa katanga da fure kamar takarda, wurin bushewa take so, ki kai ta bakin ƙofa. Oliyanda, mai siraran dogayen ganye da fure ruwan hoda ko fari, za ta rayu a lungun, amma ganyenta da furenta da ƙaronta duk guba ne, ban yarda a sa ta gidan da ke da yara ko dabbobi ba. In kin je saye, ki juya ledar ki duba ƙasanta: in saiwa ta nannaɗe ta huda leda ta kama ƙasa, dashen ya tsufa, ki zaɓi ƙarami.

Na san wani zai ce ki dasa itacen turare, ai yana shanye ruwa. Gaskiya ne yana sha, kuma kwanciyar ruwa ba ta kashe shi, asalinsa na bakin kogunan Ostireliya ne. Amma itace ne da ke haura mita 20, saiwarsa na bin laima har cikin sokawe da rijiya, rassansa na karyewa da iskar farkon damina, kuma ba abin da ke yin kirki a ƙarƙashinsa. A gona ko babban fili, mita 15 zuwa 20 daga gini, ba laifi. A bayan ɗakin girki, a'a. Haka ceɗiya da durumi da ɓaure, inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu na ɗaga daɓe ta tsaga bango. Dogon yaro da muke gani ko'ina a gari ba ya son ruwa ya daɗe a gindinsa. Mai babban fili da ke cika da damina, a bayan gari ko a gona, shi zan ce ya nemi bagaruwa, wadda ke tsayuwa cikin ruwa wata da watanni, ga 'ya'yanta da majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da su, sai dai ƙaya. Ya nemi giyayya, itaciyar bakin tafki, da kaiwa da ɗinya a gefe-gefe. Dabino na jure gishiri da ruwan ƙasa na kusa, amma yana bukatar sarari, ƙayar gindin ganyensa mugunya ce ga idon yaro, kuma wanda aka shuka daga ƙwallo ba a sanin mace ne ko namiji sai bayan shekaru. Giginya kuwa, na nesa ka sha inuwarta, ba ta tsakar gida ba ce.

Akwai abubuwa uku na fadama da bai kamata su shigo gida ba ko kyauta aka ba ki. Kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, in ta kafa tushe fitar da ita aiki ne, ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru ta hana mutane noma da kamun kifi. Kainuwa sai a buɗaɗɗen ruwa take rayuwa, kuma akwai nau'in sauron da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta. Duman rafi yana da fure mai kyau, yana rufe ƙasa da sauri, amma in awaki ko tumaki suka ci da yawa yana sa su karkarwa da tangaɗi.

Sauro shi ne abin da ba na wasa da shi a wannan magana. A ɗumin damina, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, kuma mai kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ɗan ruwa mai haske da rana ke bugawa, irin wanda ke kwanciya a lungunki. Duk wani ruwa da ido ke gani, kada ya wuce kwana uku. In ramin ya cika ya tumbatsa a Agusta, a yi masa 'yar hanya daga baki zuwa rariya, a ƙara ganye a kai. Busassun ganyen ayaba da ke rataye a jiki a cire su, don ruwa na taruwa a hammatarsu. Kada ki yarda da masu cewa dasa ciyawar shayi ko ɗoɗɗoya na korar sauro daga gida. Ƙamshin sai an murza ganyen yake fita, kuma ba ya jimawa. Gidan sauro na nan a matsayinsa. Ta ɓangaren katanga kuma, ki bar tazarar taku biyu ba shuka ba tarin ganye, a ɗan ɗaga ƙasar wurin ta gangaro zuwa rami, don laima da busasshen kara a jikin bango gayyatar gara ce.

Game da lokaci, haƙa da gyaran rariya a yi su da rani, a cika ramin ya fara ruɓewa. Dashe kuma a jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, don saiwa ta kama kafin ruwan Agusta, ta kuma yi ƙarfi kafin hunturu. A yi dashen da la'asar, kada a binne gindi fiye da inda ƙasar leda ta tsaya. Kada ki cika wurin a shekarar farko: jema, ayaba, gwaza da shuwaka sun isa, ki ga yadda ruwan zai kasance a Agusta da kuma Afrilu, shekara ta biyu a ƙara gwaiba da lalle da furanni a inda ya nuna ya dace. Daga Maris zuwa saukar ruwa ki kauraro ɓuntu ko ganye a gindin kowace shuka kaurin yatsu huɗu, ban ruwa da sassafe ko bayan magariba. In akwai awaki ko kaji a gidan, a kewaye wurin da waya ko zana tun kafin a kawo dashen, don akuya ɗaya na iya gamawa da 'ya'yan ayaba huɗu kafin a idar da sallar azahar.